Shawarwari ga mai shirin kallon Dark

Abin da na tsinta ke nan daga muhawarar da muka tafka kan Dark, shirin Jamus mai dogon zango da Netflix ya fara nunawa a Disamban 2017, zango uku, kashi 26.

Kusan kowa ya fara da magana ɗaya: ajiye waya. Labarin ya taso ne daga ɓacewar yaro a garin Winden, sai ga kogo kusa da tashar nukiliya yana mayar da mutane baya daga shekarar 2019 zuwa 1986 da 1953, tazarar shekara 33 kowane tsalle. Ka yi ƙiftawar ido, ka rasa wane ne kakan wane. Shi ya sa aka ce a zana bishiyar zuriyar gidaje huɗun da labarin ya ginu a kansu a takarda. Na yi dariya da farko, zuwa kashi na biyar ni ma na nemi biro.

An yaba zaɓen 'yan wasa: yaro da dattijon da ke taka mutum ɗaya kamar an tsaga kara. An kuma ce a kalle shi da Jamusanci da fassara a ƙasan allo, don muryoyin Turancin sun kashe armashi.

Ƙorafin ya fi yawa kan zango na uku. Wata duniya ta biyu mai kama da ta farko ta shigo labarin, mutane suka yi yawa, kowa na zuba falsafa fuska a murtuƙe, ba mai ko murmushi. A nan ina tare da masu ƙorafi. Masu haƙuri dai sun dage cewa kashin ƙarshe ya warware ƙullin, don haka kada a duba intanet kafin a kai can.