Tsohuwar na'urar CD: a gyara ko a sauya?

Masu gyaran rediyo da masu tara faifai da muka tattauna da su a Sabon Gari sun haɗu a kan abu guda: kada a yi saurin jefar da na'ura don ta fara tsallake waƙa ko ta ƙi karanta faifai. A Zariya yawanci ƙurar hunturu ce ke rufe ɗan gilashin da hasken leza ke fitowa ta cikinsa. A cire wuta, a buɗe murfi, a goge gilashin a hankali da auduga da ɗigon sifirit, ban da dannawa. A goge faifan ma, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba.

In tiren da ake ɗora faifai ne ya ƙi fitowa, yawanci robar da ke jan sa ce ta saki, kuma canjinta ba tsada.

Inda aka rabu shi ne in lezar kanta ta raunana. Wasu suka ce a sa sabuwa, wasu suka ce ta tsofaffin na'urori tana wuyar samu, kuɗinta kan kusa kamo na wata na'urar ta hannu. Ni ina ganin in na'urar mai nauyi ce, sautinta na da daɗi, ta cancanci gyara. In ba haka ba, na'urar DVD na karanta CD, a haɗa ta da amfilifaya kawai.

Wani dattijo ya ƙara da cewa a sa sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, a kuma kwafe karatun malamai da waƙoƙin da ke faifan zuwa kwamfuta tun suna karantuwa.