Atisaye a cikin mafarki yana ƙara ƙwarewa kuwa?

Ɗan Jekadafari: Jama'a don Allah, wani lokaci ina barci sai in gane ai mafarki nake, har in riƙa juya shi yadda nake so. In na yi ta buga fenareti a ciki zai taimake ni a fili?

Yaya Sani: Ƙanena akwai ƙamshin gaskiya. A 2010 wasu masu bincike, Erlacher da Schredl, a Jamus sun gwada da jefa kwabo cikin kofi, waɗanda suka yi atisayen a mafarki sun ƙaru washegari amma masu yi da hannu ido biyu sun fi su, kuma mutanen ma ba yawa.

Maman Iman: Hhhh ƙwaƙwalwa ce kawai ke maimaitawa, ƙafarka na kan katifa ko motsi babu. Tashi ka tafi filin Pantami bayan asuba ɗana.