Shawarwarin da na tattara kan wasan Skyrim

Da muka zauna hira da abokai kan Skyrim, wasan bidiyon da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, bakinmu ya zo ɗaya cewa daɗinsa yana cikin 'yancin da yake ba ka. Don haka kada ka yi gaggawar bin babban labarin. In ka hango kogo ko kufai a gefen hanya, ratse ka shiga.

Mun daɗe a kan yadda gwaninta ke ƙaruwa. Fannoni 18 ne, kuma wanda ka fi amfani da shi, shi ke haɓaka: yawan harbi da baka ya mai da kai maharbi, yawan ƙira ya mai da kai maƙeri. Ni wannan ne ya kama zuciyata. Aka ce ka tsaya wurin wasu duwatsu uku da ke hanyar ƙauyen Riverwood, ka zaɓi na mayaƙi, na matsafi ko na ɓarawo, domin koyon ya yi sauri.

Wani ya ja kunne kan ƙattan da ke kiwon giwaye masu gashi a filayen da ke kewaye da birnin Whiterun: dukan kulki ɗaya, sai ga ka a sararin sama. Ka riƙa adana wasanka kafin kowane faɗa. In kaya suka yi maka nauyi kuwa, ɗora wa Lydia, jarumar da ake ba ka a Whiterun don ta riƙa yi maka rakiya.