Yaya ake jiƙa atili ya yi laushi?

Ummu Salma: Assalamu alaikum. Don Allah masana, da wane irin ruwa ake jiƙa atili? Wasu na cewa tafasasshe, wasu na cewa mai ɗumi. Kuma ana iya fitar da mansa a gida?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ruwan ɗumi, Hajiya. Tafasasshen ruwa taurara naman atilin yake yi ya koma kamar roba, kuma da zarar ya taurare ko kwana ya yi a tukunya ba zai saki ba. Nan ne mutane da yawa ke asara.

Ki zaɓi nunanne, baƙi mai ɗan shuɗi, domin kore bauri gare shi. Ki wanke, ki zuba a kwano mai murfi, ruwa ya sha kansa da kamar yatsu biyu. Zafin ruwan ya zama wanda za ki iya tsoma hannu ki jure, wajen digiri 50. Ki rufe minti 20 zuwa 30. Idan ruwan ya huce bai yi ba, a sauya wani mai ɗumi, kada a ɗora a wuta. Ki matsa guda ɗaya, in naman ya rabu da ƙwallon cikin sauƙi to ya yi. Sai a tsiyaye a barbaɗa gishiri.

Inna Larai: Batun mai kuwa, 'yata, bayan ya yi laushi ki murje naman daga ƙwallo, ki kirɓa a turmi. Ki zuba ruwan zafi (yanzu kam ba ya ɓata komai), ki dama ki bar shi ya natsu, man zai taso sama. Ki yaɗe da ludayi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ki daina jin ƙararsa, alamar ruwa ya ƙone ke nan. In aka yi gaggawar saukewa, ragowar ruwan ne ke sa ya yi tsami a kwalba. Yana shiga miya, ana kuma zuba shi a kan dafaffen abinci.

Ɗanjuma: Ƙari kaɗan: a jiƙa iya wanda za a ci ranar, jiƙaƙƙe ba ya jure ajiya. Ɗanyen ma kada a ƙulle shi a leda, gumi zai yi ya yi fumfuna. A baza shi a kwando cikin inuwa. Ƙwallon kuma in an fasa akwai ɗan ciki mai maiƙo, ana ci, sai dai fasa shi aiki ne.