Yagewar guringuntsin kafaɗa: dole ne sai an yi aiki?

Mai Ɗaga Ƙarfe: Jama'a hoton MRI ya nuna labrum ɗina ya yage, guringuntsin nan da ya kewaye bakin gurbin kafaɗa. Ni fa a ganina abin da ya yage sai ɗinki, zuwa fisiyo, wato masu gashi da atisaye a asibiti, ɓata lokaci ne kawai.

Anti Fisiyo: Ƙanena shekarunka nawa, kuma kafaɗar gocewa take ko ciwo ne kawai in ka ɗaga hannu sama? Hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci wlh, mutane da yawa da suka haura 45 in aka ɗauke su hoto za a ga yagewar alhali ko ciwo ba sa ji, shi ya sa sai an murɗa hannun an gwada, wani lokacin ma a yi allurar ruwan kala cikin gaɓar kafin hoton ya fito sosai.

Tsohon Gola: Anti ki yi haƙuri ban yarda ba. Tawa ta goce ina saurayi, na yi ta atisaye amma ko riga zan saka sai ta sake fita, ɗinkin ne ya zaunar da ita.

Dakta: Gola taka daban, yagewar gaba ta ƙasa ce da ake kira Bankart, kuma matashi ɗan ƙasa da 25 mai wasa gsky yawanci gocewar tana dawowa, aiki ya fi masa. Ta sama kuwa, SLAP, inda jijiyar damtse ta maƙale, nan ne rigimar take. A wani binciken Norway da aka wallafa a 2017 an raba mutum 118 masu SLAP kashi uku, wasu aka ɗinke musu, wasu aka sauya wa jijiyar mazauni, wasu aka leƙa da kyamara kawai ba a gyara komai ba, bayan shekara 2 duk sun samu sauƙi kusan iri ɗaya.

Mai Ɗaga Ƙarfe: 38 nake Anti, SLAP aka rubuta, ba ta taɓa gocewa ba. Amma Dakta in na jinkirta ba za ta ƙara yagewa ba?

Dakta: Ka ajiye ɗaga nauyi sama da kai tukuna, ka ba fisiyo wata 3 da gaske, a ƙarfafa naman da ke riƙe kafaɗa da allonta. Aikin ma ba hutu ba ne, hannu a rataye sati 4 zuwa 6, kuma a shekarunka kafaɗa na iya sanƙarewa bayan ɗinki. In ciwon ya ƙi ko ta fara gocewa ka koma wurin likitan ƙashi.

Tsohon Gola: Ni dai in ta goce ko sau ɗaya kar ya tsaya jiran wata 3.