Musayar Baitoci Kan Binciken Jami'o'inmu

Bakabe, daga Argungu:

Assalamu alaikum. Jiya wani masunci ya tambaye ni inda hirar da ɗalibai suka yi da shi ta kwana, na rasa amsa, shi ya sa na kawo maganar nan a waƙe.

Da sunan Allah na buɗe zancena,
Wanda bai bar bawa cikin duhu ba.
A 2013 muka sami jami'o'in tarayya,
Gusau da Birnin Kebbi, ba mu manta ba.
Ɗalibai sun zo Argungu da alƙalami da rakoda,
Ba su bar Sarkin Ruwa bai yi bayani ba.
Sun rubuta yadda ake faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora,
Bikin kamun kifin da tun 1934 bai rasa masoya ba.
UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016,
Amma tambayar masuncin ba ta sami amsa ba.
Kundin da aka ɗinke da baƙin bango, ina yake kwana?
Wanda ya ba da labarin bai taɓa ganinsa ba.

Bazamfariya, daga Gusau:

Baba, ranka ya daɗe, ina gaisuwa,
Ni ma ina cikin masu rubutawa.
Waƙoƙin fadar Maradun nake nazari,
Inda kotson Ɗanƙwairo ya daɗe yana amsawa.
Na shirya zuwa ƙauye wurin wani tsohon ɗan amshi,
Direbobi suka ce hanyar ba ta biyuwa.
Wata uku ina jiran ƙura ta lafa,
Ranar da na isa na tarar da zaman rasuwa.
Baitocin da ke kansa ba su shiga kaset ba,
Sun tafi tare da shi, babu dawowa.
Kuɗin mota da na ɗinkin kundi duk gumin mahaifina ne,
Ina zan sami na bugawa da rarrabawa?

Malamin Zaure, daga Gwandu:

'Yata, Allah ya jiƙan dattijon nan,
Ya ba ki ladan bin sawunsu.
A nan garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo,
Takardun kakanni suna nan cikin gafakarsu.
Bara da damina na kwance ta mahaifina,
Gara ta ci gefe, ɗigar ɗaki ta jiƙa wasunsu.
Jami'ar Boston a Amurka da ta Hamburg a Jamus,
Sun daɗe suna nazarin ajami a cibiyoyinsu.
Hoton shafi ake ɗauka a adana a kwamfuta,
Asalin kuwa ya zauna a hannun magadansu.
Me ya hana namu zuwa da kyamara?
Zaurena a buɗe yake, ina jiransu.

Bakabe:

'Yata, na ji uzurinki kuma na karɓa,
Laifin bai rataya a wuyan ɗalibi ba.
Roƙona ga shugabannin sassa shi ne a taƙaita kundi da Hausa,
A karanta a rediyo, don ba kowa ke shiga laburare ba.

Bazamfariya:

Baba, idan na kare kundina lafiya,
Iyalan marigayin zan fara kai wa.
Malam, akwai abokin karatuna mai nazarin ajami,
Bayan jarrabawa za mu zo Gwandu da kyamara, a sa mana ranar zuwa.