Allo da kayan kwamfutar wasa: wanne zan fara saye?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in haɗa kwamfutar tebur domin wasan ƙwallo da na tseren mota, amma kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Shin in sayi babban allo mai inci 27, ko kuwa in zuba kuɗin a katin hoto, wato na'urar da ke zana hotunan da allo ke nunawa?

Mai Gyara na Zango: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Katin hoto shi ne ƙashin bayan kwamfutar wasa, domin allo ba ya nuna abin da katin bai iya zanawa ba. Ka nemi allo mai inci 24, mai ɗigogin hoto 1920 a 1080, mai 144Hz (wato yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa), ka haɗa shi da kati irin GTX 1660 Super mai 6GB, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) 16GB a sanda biyu. Inci 27 a wannan ma'auni yakan sa hoto ya ɗan yi dishi-dishi idan ka zauna kusa. Kuma bayan ka jona, ka shiga saitin Windows ka zaɓi 144Hz da hannunka. Na sha ganin allo mai tsada yana aiki a 60Hz mai shi bai sani ba.

Abban Sabon Gari: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a nan Damagaram wuta da ƙura ne manyan abokan gaba. Bara wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone mini akwatin wutar kwamfuta, shi ya sa nake cewa ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun farko. Lokacin hunturu kuma nakan buɗe akwatin kwamfutar duk wata in hure ƙurar da ta toshe fankoki.